Darasi na Tara: Ƙwarƙwata a Kan Yara

Karanta wannan labarin a hankali, sau biyu.

Wata yarinya 'yar aji biyu ta dawo daga makaranta tana ta susar kai. Goggonta ta hango ta.

"Ke 'yar nan, zo nan. Tun jiya nake ganin hannunki a ka."

"Goggo, ƙaiƙayi yake mini. Amma don Allah kada ki gaya wa su Yaya, dariya za su yi."

"Wa zai yi dariya? Ni ma na yi ƙwarƙwata ina kamarki. Ɗauko tabarma mu fita haske."

Goggo ta tsefe kitson, ta duba bayan kunne da ƙeya. Can ta ga wasu 'yan ƙwayoyi manne da gashi. Ta hure su, ko motsi ba su yi ba.

"Wannan ba amosani ba ne," in ji ta. "Da amosani ne da ya tashi. Ƙwai ne."

Mece ce ƙwarƙwata?

Ƙwaro ce ƙarama, girmanta kamar ƙwayar riɗi. Ƙafafunta 6. Ba ta da fiffike, kuma ba ta tsalle irin na ƙuma. Rarrafe kawai take yi, sai dai akwai ta da sauri. Abincinta jinin mutum, tana tsotsa sau da yawa a yini. Yawun da take bari a fata shi ke kawo ƙaiƙayi. Yaron da bai taɓa yi ba yana iya kai mako 4 zuwa 6 kafin ya fara susa, don haka rashin susa ba shaida ba ne cewa kai lafiya lau.

Macen takan saka ƙwai kamar 6 a rana, ta liƙa kowanne a jikin gashi daf da fata, inda akwai ɗumi. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. 'Ya'yan su girma cikin kwana 10 ko makamancin haka, su ma su fara saka nasu. Babbar takan yi wata guda a raye. In ta faɗo daga kai, ba ta wuce kwana 1 ko 2 sai yunwa ta kashe ta.

Riƙe waɗannan kwanakin da kyau. Yawancin iyayen da ke cewa "mun yi magani ta dawo", ba dawowa ta yi ba. Manyan aka kashe, aka bar ƙwai, bayan mako suka fashe.

Ƙwarƙwatar kai ba ta yaɗa cuta. Wadda ke yaɗa zazzaɓi mai tsanani ita ce ta jiki, mai ɓuya a ɗinkin tufafi. Ba a kuma ɗaukarta daga akuya ko kaza ko kyanwa. Illar ta kai ita ce hana barci, da susar da ke fasa fata har wurin ya yi ruwa.

Abin da za a gaya wa yaro

A nan ne manya suka fi kuskure. Da an ga ƙwarƙwata sai faɗa: "Ƙazama! Uwarki ba ta wanke miki kai?" Wannan magana ba gaskiya ba ce. Ƙwarƙwata jini take nema, babu ruwanta da kan da aka wanke ko wanda ba a wanke ba. 'Yar mai kuɗi tana yi, 'yar talaka tana yi. Yarinyar da aka kunyata a gaban aji, gobe in kanta ya yi ƙaiƙayi sai ta ja hijabi ta yi shiru, kafin a farga ta raba wa duk masu zama kusa da ita.

Malami ko malama, a boko ko Islamiyya, kada a tsayar da yaro a gaban 'yan'uwansa. A kira shi gefe, a aika wa iyaye saƙo a asirce. Ba sai an kore shi gida ba, muddin an fara magani.

Yara ƙanana ba sa riƙe dogon bayani. A zana ƙwarƙwata babba a allo, su ƙirga ƙafafunta da ƙarfi. A tambaye su: "Tana da fiffike?" Su ce a'a. "To yaya take zuwa kan wani?" A sa biyu su matso kamar masu leƙa littafi ɗaya, a nuna yadda gashi ke taɓa gashi. Ta haka ta fi yaɗuwa: haɗa kai wurin wasa, wurin karatu, ko kwana a shimfiɗa ɗaya. Sannan a koya musu cewa mataji, ɗankwali, hula da hijabi ba abin aro ba ne. Na ƙarshe, kuma shi ya fi: in kanka yana ƙaiƙayi, gaya wa Inna ko Malama, ba wanda zai dake ka.

Yadda ake raba kai da ita

Namiji nasa da sauƙi, a kai shi wurin mai aski. Mace kuwa sai an zauna. A tsefe kitso duka. A wanke kai, a shafa mai sosai tun gashi yana da danshi, man kaɗanya ko na gyaɗa duk sun yi. Mai yana rage mata gudu, yana kuma sa mataji ya wuce. Gashinmu mai cika ne, don haka a fara da babban mataji, a raba gashin kashi-kashi, sannan a bi kowane kashi da mai ƙananan haƙora tun daga fata har ƙarshe. Duk ja ɗaya a goge a farin ƙyalle a duba. Ƙwan da ya ƙi fita a zare shi da farce.

Ana yin haka rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, a sake dubawa rana ta 17. Kafin nan a haƙura da ƙananan kitso, a yi manyan kalaba masu saurin tsifa. A duba kowa a gidan rana ɗaya, har manya.

Akwai maganin shafawa a kemis, irin su fametirin. A karanta takardarsa ko a sa mai sayarwa ya karanta, kuma galibi ana maimaitawa bayan kamar mako guda saboda ƙwan da suka rage. Jariri, mai ciki, da wanda kansa ya yi gyambo, a fara kai su asibiti.

Kada a kuskura a zuba wa yaro fiya-fiya, maganin feshin gona, kananzir ko fetur a ka. Gubar maganin ƙwari tana ratsa fata ta shiga jiki, balle kan da susa ta riga ta fasa, kuma tana kisa. Kananzir kuwa, yaro ya gifta kusa da murhu sai labari ya canja. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ɗankwali, zanen gado da rigar matashi da aka yi amfani da su cikin kwana 2 da suka wuce, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Mataji a jiƙa shi a ruwan zafi minti 10. Gabanin Sallah, lokacin da makitsiya ke yi wa yara da yawa a yini ɗaya, uwa ta tura 'yarta da matajinta da tsinkenta.

Aikin aji

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: ƙwarƙwata, ƙaiƙayi, ƙwai, ƙeya. Kula da lanƙwasar ƙ.
2. Macen ƙwarƙwata tana saka ƙwai 6 a rana. Nawa za ta saka a kwana 10?
3. Goggo ta fara taje kan yarinyar ranar Juma'a. Waɗanne ranaku ne na 5, na 9 da na 13?
4. Ku tashi biyu-biyu. Ɗaya ya zama malami, ɗaya ya zama uban yaro. Malami ya sanar da shi ba tare da ya ji kunya ba.