Kurakuran da muke yi wa ƙodarmu a Legas

Har yanzu mutanenmu gani suke ciwon ƙoda sai mai suga ko hawan jini, wallahi ba haka ba ne. A Gashua can Yobe an daɗe ana kuka da shi, haka masu saran rake a Nikaraguwa da manoman shinkafa a Siri Lanka, majiya ƙarfi, ba suga ba hawan jini, sai ƙoda ta tsaya. Abin da masu bincike suka fi zargi shi ne aikin ƙarfi cikin zafi ba isasshen ruwa, sai maganin feshi da gurɓataccen ruwan sha. Talaka ne duk yake cikin wannan.

To dubi ɗan dako a kasuwar Mile 12 nan Legas, tun asuba yake sauke buhunan albasa daga tirela, riga sharkaf da gumi, amma ba zai sha ruwa ba don kar fitsari ya matse shi, ban ɗakin ma na kuɗi ne, in ya tashi jiƙa maƙoshi sai lemon kwalba. Wannan shi ya fi damuna. Gyaran ba tsada, fiya wata a kusa kana kurɓa tun kafin ƙishi, ka riƙa shiga inuwa kana hutawa. A gonakin raken Nikaraguwa ruwa da inuwa da hutun nan sun rage matsalar. In fitsarinka ya yi duhu kamar shayi ruwa ya yi maka kaɗan.

Sai maganin ciwon jiki. Da yamma a je kemis a ce a haɗa min, a zubo diclofenac da ibuprofen a leda, kullum, a jikin da ba ruwa, wani ma ya ɗora agbo, jiƙon gargajiyar Yarabawa, a kai. Ɗan'uwa ka bari, ƙodarka kake cutarwa. Ciwon da ya ƙi tafiya likita ake kai wa.

Masu komawa gida noma da damina, galan ɗin maganin feshi ba na ruwan sha ba ne ko an wanke shi.

Kuma kar ka jira sai ƙafa da fuska sun kumbura, ƙoda tana lalacewa shiru ba ciwo. Ka je asibitin gwamnati ka ce a maka gwajin fitsari da na jini na kiriyatinin, mai nuna yadda ƙoda take aiki, ko sau ɗaya a shekara, kuɗinsa bai kama ƙafar na wankin ƙoda ba, wanda ake yi sau 2 ko 3 duk sati.