Yadda kamfani mai zaman kansa ke gina babbar roka, tun daga inji har ranar harbawa

Toh bari mu ɗauka kai ne mai kamfanin, kuɗin suna hannunka, kuma ka ce lallai sai ka gina roka mai ɗaukar kaya masu nauyi zuwa sararin samaniya ba tare da gwamnati ce ta ƙera maka ba. Ta ina zaka fara? Yawancin mutane idan an yi musu wannan tambayar sai su fara maganar tsawon rokar da faɗinta, alhali wannan shine kusan abu na ƙarshe da ake yankewa.

Fara sanin me ake nufi da "mai ɗaukar nauyi" tukunna. A lissafin hukumar NASA ta Amurka, rokar da zata iya kai tan 20 zuwa 50 cikin falakin da ke kusa da duniya ita ake kira mai ɗaukar nauyi, abinda ya haura 50 kuma ya shiga ajin manya-manya. New Glenn ta kamfanin Blue Origin an tsara ta akan tan 45, Falcon Heavy ta SpaceX kuma a takarda tana kai kusan tan 64 idan ba za'a dawo da komai nata ba. Kuma kai kaya falaki ba wai hawa sama bane kawai, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Hawa kilomita ɗari biyu ko uku ba shine aikin ba, aikin shine gudu a kwance, kusan kilomita 28,000 a awa, ta yadda kayan zasu dinga faɗowa amma suna kuskure duniya saboda ita ma ta lanƙwashe a ƙarƙashinsu. Wannan gudun shi ke cinye mai, shi yasa idan ka ga roka a tsaye tana jiran tashi kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinta mai ne da ruwan oksijin, ɗan abinda ya rage shi zaka raba tsakanin tanki da inji da waya da kayan da aka biya ka ka kai. Roka hawa-hawa ce, ɓangaren ƙasa ya ɗaga ta ya rabu, na sama ya ƙarasa da kayan falaki, kuma duk kilo ɗaya da ka ƙara a jikin ɓangaren sama na rokar ka cire shi ne daga kayan kwastoma.

Abu na farko da zaka nema kwastoma ne, ba injiniya ba. Na san zai yi wa wani banbaraƙwai amma duba tarihi. Wani attajiri mai banki a Tekzas, Andrew Beal, ya zuba kuɗinsa a kamfanin roka a ƙarshen shekarun 1990, har ya gwada babban inji a ƙasa, amma a shekarar 2000 ya rufe kamfanin ko sau ɗaya bai tashi ba. SpaceX da aka kafa a 2002 ita ma saura ƙiris ta mutu a 2008, abinda ya riƙe ta shine kwangilar da NASA ta bata a watan Disamba na wannan shekarar, dala biliyan 1.6 don kai kaya tashar sararin samaniya sau 12. Shi kuwa Jeff Bezos, mai Blue Origin wanda ya kafa Amazon, nasa salon daban ne, ya faɗa da bakinsa a 2017 cewa yana sayar da hannun jarin Amazon na kusan dala biliyan ɗaya duk shekara yana zubawa a Blue Origin. In baka da irin wannan aljihun to ka nemi gwamnati ko sojoji ko kamfanonin tauraron ɗan adam su saka hannu a takarda tun kafin ka sayi ƙarfe. Ko kuma ka zama kwastoman kanka, kamar yadda SpaceX ke cika rokokinta da taurarinta na intanet, wato Starlink.

Sai inji, kuma nan zan daɗe don nan ne rabin wahalar take ko ma fiye. Kafin ka zana inji sai ka zaɓi mai. Kananzir na musamman da ake tacewa don roka shine mafi sauƙin riƙewa, baya buƙatar sanyi, tankinsa baya girma, shi injin Merlin na Falcon ke sha. Matsalarsa kunkunniya, yana barin baƙin datti a cikin inji, in kana son sake amfani da injin sai an yi ta dubawa da wanki. Haidurojin yafi kowa bada ƙarfi akan kowane kilo amma sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili kafin ya zama ruwa, gashi baida nauyi sai tankin ya zama jibgege, gashi da yoyo ta ƙaramar kafa da ido baya gani. Gas ɗin metan ya tsaya a tsakiya, yana zama ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili wanda bai da nisa da na oksijin da ke 183, kuma yana ƙonewa fes. Shi yasa injin Raptor na SpaceX da BE-4 na Blue Origin duk suka koma kansa. In ni ne yau, kuma ina da niyyar dawo da rokar, metan zan ɗauka ba dogon tunani.

Zuciyar injin ba wutar da kake gani bace, famfon ne. Dole a tura ɗaruruwan kilo na mai da oksijin cikin ɗakin ƙonewa duk daƙiƙa ɗaya, kuma da ƙarfin da yafi na wutar da ke ciki, in ba haka ba wutar ce zata turo baya. Famfon yana juyawa dubban sau a minti, gefe ɗaya nasa sanyi mai daskarar da komai, ɗaya gefen kuma iska mai zafi ce ke juya shi, tazarar da ke tsakani bata wuce tafin hannu ba. Zaka zaɓa: ko ka ƙona ɗan mai a gefe ya juya famfon sannan ka zubar da hayaƙin waje, kamar Merlin, wannan yafi sauƙi amma akwai ɓarnar mai, ko ka mayar da hayaƙin cikin ɗakin ƙonewa ya ƙarasa ci, kamar BE-4 da Raptor, yafi tsimi amma zai ci maka shekaru. BE-4 an fara aikinsa wajen 2011, bai tashi sama ba sai Janairun 2024 akan rokar Vulcan ta kamfanin ULA. Shekara goma sha uku fa, kuma ba wai kuɗi suka rasa ba.

Sannan bangon injin, zafin wutar yafi wanda zai narkar da ƙarfen, dabarar ita ce a fafe ƙananan hanyoyi a cikin bangon mai ya bi ta ciki yana sanyaya shi kafin ya shiga wuta. Akwai kuma wata cuta da wutar kan fara rawa tana bugun bango har inji ya tarwatse cikin ƙiftawar ido, injin F-1 na rokar Saturn V ya sha fama da ita a shekarun 1960, har ƙananan bama-bamai injiniyoyi suka riƙa tayarwa a cikin injin yana aiki don su ga ko wutar zata koma daidai da kanta.

Don haka ka sayi fili a daji nesa da mutane ka gina wurin ɗaure inji, ka kunna shi a ƙasa sau ɗaruruwa. SpaceX a McGregor ta Tekzas take yin nata, kuma abin dariyar shine filin da Beal ya bari ne. Injina zasu fashe a nan, ka saka shi a kasafi tun farko, gara ya fashe a ɗaure da ya fashe da tauraron wani a kansa.

Inji nawa zaka jera? Manya kaɗan ko ƙanana da yawa. New Glenn 7 ne a ƙasanta, Falcon Heavy 27, bustar Starship ta SpaceX, wato ɓangarenta na ƙasa, 33. Amfanin da yawa shine in ɗaya ya mutu sauran su ƙarasa aikin, kuma masana'antarka ta saba ƙera abu ɗaya har ya yi araha. Haɗarin kuma Tarayyar Sobiyet ta gani da rokarta N1 mai inji 30, sau huɗu aka harba tsakanin 1969 da 1972 duk huɗun suka lalace, babban dalili kuwa basu taɓa kunna ɓangaren ƙasan gaba ɗaya a ɗaure sun gwada ba. Kai kada ka tsallake wannan.

Shawarar da zan fi nanatawa ita ce kada ka fara da babba. SpaceX da Falcon 1 ta fara, ƴar ƙarama mai inji ɗaya a ƙasa, daga wani tsibiri a Kwajalein cikin tekun Fasifik, kuma dubi abubuwan da suka kashe ta. Ta farko a Maris 2006, wani ɗan noti na alminiyam ne iskar teku ta ci, mai ya zuba, wuta ta kama. Ta biyu a 2007 ruwan da ke tankin ɓangaren sama ya riƙa tangal-tangal har rokar ta fara juyi injin ya mutu. Ta uku a Agustan 2008 ita tafi ciwo, an kashe injin ƙasa an raba ɓangarorin biyu amma ɗan sauran ƙarfin da ke injin ya tunkuɗo ɓangaren ƙasa ya daki na sama, maganin kawai a ƙara ƴan daƙiƙu kafin rabuwa. Ta huɗu ce ta shiga falaki ranar 28 ga Satumba 2008. Ka ƙiyasta waɗannan kurakuran uku akan roka mai tsawon mita 98 irin New Glenn, ai kamfanin ya tafi.

Kuma kar wani ya ruɗe ka cewa ɗaure ƙananan rokoki uku wuri ɗaya gajeriyar hanya ce. Haka SpaceX ta zata, ta sanar da Falcon Heavy, wato bustocin rokarta Falcon 9 guda uku a ɗaure, a 2011 da tunanin zata tashi cikin shekara biyu, bata tashi ba sai 6 ga Fabrairu 2018, saboda ta tsakiyar sai da aka sake mata gini don ta jure jan da na gefe biyu ke mata. Elon Musk mai SpaceX da kansa ya ce sun kashe sama da dala miliyan 500.

Tanki kuma, bangonsa milimita kaɗan ne, iskar da aka matsa a ciki ce ke taimaka masa ya tsaya ƙyam. Falcon alminiyam ne mai haɗin litiyam, Starship ƙarfe mara tsatsa ne wanda yafi nauyi amma ga araha ga jure zafi da sanyi. Duk layin walda sai an haska shi an duba, sannan ka cika tankin gwaji da ruwan naitirojin ka matsa har ya fashe don ka san iyakarsa. Ƙananan abubuwa ne ke kisa a nan: Yuni 2015 wani ɗan sandan ƙarfe da ke riƙe kwalbar hiliyam ya karye Falcon 9 ta tarwatse a sama, Satumba 2016 wata ta ƙone a ƙasa ana cikin zuba mata mai da tauraron sadarwa na wani kwastoma mai suna AMOS-6 a kanta.

Wurin harbawa ka nemi bakin teku da ruwa ke gabas, kuma kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, gwargwadon hali, don juyawar duniya na baka gudu kyauta, kusan mita 465 a daƙiƙa in kana kan ikwaita, tarkace kuma su faɗa ruwa. Dalilin da yasa Amurka ke harba rokoki daga Cape Canaveral a Fulorida kenan. A Amurka sai hukumar FAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta baka lasisi bayan binciken muhalli da na tsaron jama'a, kuma dokar fitar da fasahar makamai ta taƙaita wanda zaka iya ɗauka aiki, lasisin kaɗai kan ci watanni don haka ka shigar da takardu da wuri. Kada ka yi rowa a dandamalin harbawa. Ranar 20 ga Afrilu 2023 Starship ta tashi karon farko daga kudancin Tekzas, wutar injinan ta fasa kankaren da ke ƙasa ta haƙa rami, duwatsu na tashi har cikin teku, dole daga baya suka shimfiɗa farantin ƙarfe mai fesa ruwa. Sannan dole rokar ta ɗauki na'urar da zata tarwatsa ta in ta saki hanya.

Maganar dawo da busta ka yanke ta tun ranar farko, don ƙafafu da fukafukan saiti da man da zaka rage duk suna cin nauyin kaya, kuma injin sai ya iya sake kunnuwa yana faɗowa. Falcon 9 bata iya tsayawa cak a iska, ko inji ɗaya aka rage zuwa ƙarshe yafi ƙarfin nauyinta idan ta kusa zama fanko, sai kwamfuta ta lissafa gudun ya kai sifili daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. Sun fasa da yawa a teku kafin ta farko ta sauka lafiya a Disamba 2015.

Kafin ranar harbawa ka cika tanki ka sauke kamar da gaske, ka kunna duk injina a ɗaure na ƴan daƙiƙu, kuma kada ka ɗora kayan kwastoma masu tsada a tashin farko, SpaceX motar Tesla ta ɗora akan Falcon Heavy. Ka cika jikin rokar da na'urorin awo masu aiko bayani ƙasa, don in ta fashe waɗannan lambobin ne kaɗai zasu rage maka. Kuma roka ta biyu ta kasance rabin gini a masana'anta kafin ta farko ta bar ƙasa. New Glenn ta shiga falaki a tashinta na farko ranar 16 ga Janairu 2025 amma bustar ta ɓace wajen saukowa, sai a Nuwamba na wannan shekarar busta ta biyu ta sauka a tsaye akan jirgin ruwansu cikin tekun Atlantika, a tashin da aka aika kumbuna biyu na NASA da zasu nufi duniyar Mars.