Yadda nake karanta gilashin taga na Suwizalan

Ƙaramin gilashi ne mai zane da launi, wanda a da ake bayarwa kyauta a saka a taga. Kada ka tsaya gabansa sai rana na bayansa, in ba haka ba launin a mace yake. Ni daga ƙasa nake farawa: nan sunan mai kyautar yake, da shekara, galibi tsakanin 1500 da 1700. Sai tambarin gida, wato alamar zuri'arsu. In biyu ne, na miji yana hagunka, na mata dama. Wani lokaci za ka ganta tana miƙa masa kofin sha, abin da ke taɓa zuciyata kullum.

Sannan ɗaga kai. In ka ga Maryamu ko waliyyai, mai yiwuwa mai kyautar ɗan Katolika ne. 'Yan Furotesta na birnin Zurik sun fi son ƙissoshin Baibul. Ƙananan hotunan kusurwoyin sama fa, matso ka duba su sosai.