Yadda ake sa Word ya saka wa alamomin karta launi da kansa

Duk wanda ya taɓa rubuta darasin lissafin yiwuwar aukuwa da misalin karta, ko sharhin birij, wani wasan karta, ya san wahalar da ke cikin alamomin nan huɗu: ♠ ♥ ♦ ♣. Karta 52 ce, kashi huɗu, kowane kashi 13, kuma biyu daga cikin kashin jajaye ne. Amma da ka rubuta su a Word, duk baƙaƙe suke fitowa. Dubi wannan hannun: ♠ A K 7 3, ♥ Q 9 2, ♦ 10 8 5, ♣ K J 4. Layi ɗaya ke nan. Idan rubutunka shafi talatin ne, kana bin kowace ♥ da ♦ da linzami kana mayar da ita ja, rana za ta faɗi ba ka gama ba, kuma sai wasu sun kuɓuce maka. Irin wannan aikin aka yi makiro dominsa, wato ɗan gajeren umarni da kake ajiye wa Word ya riƙa maimaitawa duk lokacin da ka kira shi.

Kafin a taɓa makiro, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna maka a kai, domin shi ne tushen komai: kwamfuta ba ta ganin zuciya ko kan mashi, lamba take gani. A tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa, ♠ lambarta 9824, ♣ 9827, ♥ 9829, ♦ kuma 9830. A lissafin heksa, wato ƙirga mai tushe 16 maimakon 10, su ne 2660, 2663, 2665 da 2666. Gwada ka gani: rubuta 2665 a Word, ka danna Alt da X tare, nan take lambar za ta rikiɗe ta zama ♥. Ka ajiye alamar rubutu, wato ɗan sandan da ke ƙyaftawa a inda kake rubutu, a bayanta ka sake danna Alt da X, sai ta koma lamba. Riƙe wannan dabarar da kyau, da ita za ka gano matsala daga baya. A Windows kuma, in kibod ɗinka yana da lambobin gefen dama, Alt da 3 yana ba da ♥, 4 ♦, 5 ♣, 6 kuma ♠.

In sau ɗaya tak za ka yi aikin, ba ka buƙatar makiro. Danna Ctrl da H, ka buɗe More, ka kunna Use wildcards. A gurbin nema ka saka [♥♦], a gurbin musanyawa ka saka ^&, sannan ka shiga Format, Font, ka zaɓi ja, ka danna Replace All. Ma'anar ^& ita ce a mayar da abin da aka samu yadda yake, launi kawai zai canza. Makiron da za mu rubuta wannan aikin yake yi, sai dai ya hutar da kai cike gurabe kullum.

Mataki na farko: buɗe wurin rubuta makiro

Fara da kwafar fayil ɗinka ka yi gwaji a kan kwafin. Daga nan danna Alt da F11, tagar VBA, harshen da ake rubuta makiro da shi, za ta buɗe. A hagu za ka ga Normal da kuma sunan fayil ɗin da ke buɗe. Zaɓi Normal, ka je Insert, ka danna Module. Dalilin zaɓen Normal shi ne, abin da aka ajiye a can yana aiki a kan kowane rubutu da ka buɗe a wannan kwamfutar. In ka saka shi a cikin fayil ɗin kansa, dole ka adana shi a matsayin .docm, domin .docx ba ya riƙe makiro. Launin da makiro ya riga ya saka dai yana nan daram a .docx, wanda ka aika wa rubutun zai gan shi ba tare da yana da makiron ba.

Mataki na biyu: rubuta umarnin

Sub Rina(ByVal yanki As Range, ByVal lamba As Long, ByVal launi As Long)
    With yanki.Find
        .ClearFormatting
        .Replacement.ClearFormatting
        .Text = ChrW(lamba)
        .Replacement.Text = "^&"
        .Replacement.Font.Color = launi
        .Forward = True
        .Wrap = wdFindStop
        .Format = True
        .MatchWildcards = False
        .Execute Replace:=wdReplaceAll
    End With
End Sub

Sub RinaKarta()
    Rina ActiveDocument.Content, 9829, RGB(200, 0, 0)
    Rina ActiveDocument.Content, 9830, RGB(200, 0, 0)
End Sub

Na saman shi ne ma'aikacin: a ba shi wurin da zai duba, da lambar alama, da launi, ya yi aiki. Na ƙasan shi ne wanda za ka riƙa kira.

Lura cewa babu ♥ ko ɗaya a cikin umarnin. Da gangan ne. Tagar VBA ba ta iya riƙe haruffan Unicode irin waɗannan, in ka liƙa ♥ a ciki, alamar tambaya za ka gani, makiron kuma ya shiga rina alamomin tambayar rubutunka ja. Shi ya sa ake kiran alamar da lambarta ta hanyar ChrW. Saboda wannan dalilin ne ma ya fi kyau sunayen da kake ba makiro su kasance babu ƙ, ɗ ko ɓ a ciki.

Layukan ClearFormatting guda biyu ma ba ado ba ne. Word yana tuna abin da aka nema a baya, in ba a share ba, sai makiron ya riƙa neman ♥ mai kauri kaɗai saboda wani bincike da ka yi ɗazu ka manta. Shi kuma RGB, lambobi uku ne na ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Na zaɓi 200 maimakon 255 domin jan ya ɗan yi duhu, ya fi kwanciya a ido a kan farar takarda.

Ban taɓa ♠ da ♣ ba, kuma ina ba da shawarar a bar su haka. Launin rubutu na asali a Word mai bin yanayi ne: baƙi a kan fari, fari a kan duhu. In ka tilasta musu baƙi, duk ranar da suka faɗa cikin tebur mai duhun baya za su ɓace.

Mataki na uku: gwaji

Koma Word, danna Alt da F8, zaɓi RinaKarta, ka danna Run. Ka tabbata Track Changes, mai bibiyar gyare-gyare, a kashe yake, in ba haka ba kowace alama za ta bar maka shaidar gyara a gefen shafi. Idan komai ya tafi daidai, je File, Options, Customize Ribbon, ka danna Customize da ke ƙasa kusa da Keyboard shortcuts, ka nemo Macros a jerin hagu, ka ba RinaKarta maɓallan da ba ka amfani da su.

Ga wani ƙaramin abu mai ban haushi: in ka ajiye alamar rubutu daf da bayan ♥ ja ka ci gaba da rubutu, sabbin haruffan za su fito ja. Danna Ctrl da maɓallin tazara, rubutu ya koma launinsa.

Idan wasu alamomin sun ƙi rinuwa

Nan ne yawancin mutane ke cijewa, su ce makiron bai yi ba, alhali makiron lafiyarsa ƙalau. Alamar ce ba wadda ake zato ba. Je bayan wadda ta ƙi, ka danna Alt da X, ka karanta lambar.

In ka ga 2661 ko 2662, fararen alamomi ne, ♡ da ♢, masu fanko a ciki. Lambobinsu 9825 da 9826, sai ka ƙara layi biyu a RinaKarta. In 2764 ka gani, wannan zuciyar saƙon waya ce, ba ta karta ba, gara a musanya ta da ta gaskiya. Rubutun da aka kwafo daga waya kuma yakan zo da wani ɓoyayyen harafi, FE0F, manne a bayan alamar, wanda ke gaya wa na'ura ta nuna ta a matsayin emoji. A wasu manhajojin emoji yana zuwa da launinsa, ba ya jin umarnin kowa, sai an goge wannan ɓoyayyen.

Tsofaffin rubuce-rubuce suna da tasu matsalar. A da ana ɗauko alamomin ne daga salon harafi mai suna Symbol, inda ♣ ♦ ♥ ♠ suke a gurbi na 167, 168, 169 da 170. Ido ɗaya yake ganinsu da na Unicode, amma a wurin kwamfuta haruffa ne daban, makironmu zai wuce su bai ko waiwaya ba. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a musanya su da na Unicode sau ɗaya a huta, domin su ne ma sukan rikiɗe su zama © ko § idan rubutun ya bar Word zuwa wani wuri.

Sai kuma wurin da alamar take. ActiveDocument.Content gangar rubutu kaɗai yake dubawa, ba ya leƙa kan shafi, ƙasan shafi, bayanan ƙasa ko akwatunan rubutu. Don a game ko'ina, sauya RinaKarta da wannan:

Sub RinaKarta()
    Dim y As Range
    For Each y In ActiveDocument.StoryRanges
        Do
            Rina y, 9829, RGB(200, 0, 0)
            Rina y, 9830, RGB(200, 0, 0)
            Set y = y.NextStoryRange
        Loop Until y Is Nothing
    Next y
End Sub

Launi huɗu

Akwai masu ba kowane kashi launinsa. A akwatunan kiran birij, wato akwatunan katunan da 'yan wasa ke nuna kiransu da su, an saba ganin ♣ kore, ♦ ruwan lemo, ♥ ja. A kartar foka mai launi huɗu kuwa ♦ shuɗi ce, ♣ kore, ♠ baƙa. Tunda Rina yana karɓar kowane launi, abin da za ka yi bai wuce sauya lambobi da ƙara layi ɗaya na ♣ ba: RGB(230, 120, 0) ga 9830, RGB(0, 130, 0) ga 9827. A rubutu ƙanana wannan yana taimakawa ƙwarai, domin ♠ da ♣ suna kama da juna in sun ƙanƙance. Sai dai ka tuna akwai masu karatu da ba sa bambance ja da kore, saboda haka kada ma'anar jimla ta rataya ga launi kaɗai, siffar alamar ce babbar shaida.

A Excel hanya ta bambanta

Kada ka ɗauki wannan makiron ka kai Excel. A can, nema da musanyawa gidan (cell) gaba ɗaya yake rinawa, har da lambobin da ke tare da alamar. Dole a bi harafi bayan harafi:

Sub RinaGidaje()
    Dim g As Range, i As Long, n As Long
    For Each g In Selection
        If Not g.HasFormula And VarType(g.Value) = vbString Then
            For i = 1 To Len(g.Value)
                n = AscW(Mid(g.Value, i, 1))
                If n = 9829 Or n = 9830 Then
                    g.Characters(i, 1).Font.Color = RGB(200, 0, 0)
                End If
            Next i
        End If
    Next g
End Sub

Zaɓi gidajen da kake so kafin ka kira shi, kuma iya gidajen da ke da rubutu, kada ka zaɓi shafin gaba ɗaya, in ba haka ba zai daɗe yana zagaya fanko. An tsallake gidajen da ke da fomula ne saboda Excel ba ya yarda a rina wani ɓangare na sakamakon fomula. Sannan a Excel, Ctrl da Z ba ya warware abin da makiro ya yi, don haka adana aikinka tukuna. Fayil mai makiro a nan .xlsm ne.

Makiron VBA yana aiki ne a Word da Excel na kwamfuta, ba ya gudana a na waya ko na burauza. Haka kuma tun 2022 Microsoft ya fara toshe makiro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet, saboda ana ɓoye mugayen manhajoji a cikinsu. In abokin aikinka yana son wannan makiron, tura masa layukan a matsayin rubutu ya karanta da idonsa, ya liƙa a nasa Normal ɗin da hannunsa.