Kafin Ku Sayi Allunan Zamiya a Kalgari

Abin alfahari ne a wurina yadda matasanmu na nan birnin Kalgari, a lardin Albarta na ƙasar Kanada, suka daina kulle kansu a ɗaki tsawon hunturu, har ana ganinsu suna wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a gangaren Nakiska, inda aka yi tseren zamiya na gasar Olamfik ta 1988, da kuma duwatsun Banff. Abin da ke ɓata mini rai shi ne gaggawar sayen kaya tun kafin mutum ya taɓa tsayawa a kan dusar ƙanƙara. A hunturun farko ku yi haya, ku biya kuɗin darasi, ku sa hular kwano, wannan ya wadatar.

Idan lokacin saye ya yi, ku nemi allunan da aka ƙera don kowane irin gangare, waɗanda faɗin tsakiyarsu yake tsakanin milimita 85 zuwa 95, domin siriri yana nutsewa a sabuwar dusa mai laushi, mai faɗi sosai kuma yana wahalar juyawa a kan daskararriyar hanya. Tsawonsu ya tsaya tsakanin haɓa da goshi ga mai koyo. Marasa nauyi suna da daɗin ɗauka kuma ba sa gajiyar da ƙafa, amma a nan Albarta iskar Chinook mai ɗumi takan narkar da dusar, sanyi ya dawo ya daskarar da ita kamar dutse, a irin wannan rana kuwa allo mara nauyi sosai rawa yake yi a ƙarƙashin mutum. Matsakaicin nauyi ya fi dacewa da mu.

Inda na sha wuya shi ne mariƙin takalmi, wato ƙarfen da ke kama takalmin a kan allon, wanda aikinsa shi ne ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi. Na sayi alluna na hannu tare da mariƙinsu daga wani mutum a intanet, cikin garejinsa, ina murnar na samu araha. Da na kai shago don a saita mini, ma'aikacin ya juya allon, ya duba, ya ce ba zai taɓa shi ba, domin mariƙin ya tsufa har kamfanin da ya ƙera shi ya daina tsaya masa. Na yi kunnen ƙashi, na ɗaure sukurorin da kaina. A rana ta uku na faɗi, allon hagu ya ƙi saki, gwiwata ta murɗe, na ƙare hunturun ina ɗingishi zuwa wurin aiki.

Lambar da ake saita mariƙin a kai, wadda suke kira DIN, ana fitar da ita ne daga nauyin mutum da tsayinsa da shekarunsa da tsawon tafin takalminsa da kuma ƙwarewarsa, don haka ta abokinku ba taku ba ce. 'Yan'uwa, duk wanda ya ga na hannu ya burge shi, ya ɗauki hoton mariƙin, ya je shago da takalmansa, ya tambaya ko za su yarda su saita shi kafin ya miƙa ko dala ɗaya.