Yadda Ake Ɗanɗana Zumar da Ta Shekara

Yawancin masu sayen zuma cika cokali suke yi su haɗiye, sannan su yanke hukunci: ko "wannan ta yi", ko "an zuba mata sukari". Zaƙi kaɗai suka ji, alhali zaƙi kowace zuma tana da shi, har ta jabu. Ni mutumin ƙasar Zuru ne, ina sarin zuma a hannun masu amya ina kaiwa Jega da Birnin Kebbi, kuma duk shekara nakan ware 'yan kwalabe in ɓoye su sai shekara ta zagayo. A kan waɗannan nake son mu yi magana.

Da farko ka gyara bakinka. Kada ka ci goro, kada ka taɓa yaji, kada ka sha shayi mai zafi, domin duk suna dakushe harshe. Hantsi ya fi, kafin rana ta take. Ka nemi ƙananan kofunan gilashi biyu, da cokalin katako ko na roba mai tsabta, da ruwa mai ɗumi-ɗumi na kurkure baki. A kofi ɗaya ka zuba tsohuwa, a ɗayan ka zuba ta bana. In babu sabuwar a gefe, ba za ka gane abin da shekara ta yi wa tsohuwar ba.

Ɗaga kofin ka duba shi ta hasken taga. Zumar da ta daɗe tana ƙara duhu, kuma zafi yana gaggauta hakan. A bazarar Kebbi, inda zafi kan haura digiri 40, wadda aka zuba tana ruwan gwal sai ka tarar ta koma ja mai duhu. Amma duhu kaɗai ba shaidar tsufa ba ne, don furen da ƙudan zuma ya sha ma yana ba da launi. Karkata kofin ka mayar. Nunanniyar zuma a hankali take saukowa, tana barin shafi a jikin gilashi. In ta gangaro da gudu, ko ka ga kumfa yana tasowa daga ƙasa, ruwa ya yi mata yawa. Ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda ruwan cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100 ba, kuma mai kyau takan tsaya wajen 17 zuwa 18. Ƙudan ma ba ya toshe saƙarsa da kaki sai ta nuna. Wanda ya yi gaggawa ya yanke saƙar da ba a rufe ba, zumarsa ba ta ajiyuwa, tsami take yi.

Sai hanci, kuma a nan nake son ka daɗe. Rungume kofin a tafin hannu har ya ɗauki ɗumin jikinka, ka rufe bakinsa da ɗaya hannun na ɗan lokaci, sannan ka buɗe ka shinshina a hankali, bakinka a ɗan buɗe. Sabuwar za ta fara yi maka maraba da ƙanshin fure mai tashi. Tsohuwar ba ta da wannan rawar kai. Ƙanshinta ƙasa-ƙasa yake, mai nauyi, yana karkata wajen busasshen dabino da mazarƙwaila, wani lokaci har da ɗan ƙanshin itace. In ba ka ji komai ba a karon farko, janye hanci ka shaƙi iska, ka sake komawa.

A hancin ne kuma aibi yake tona kansa. Da dare ake cire zumar amya, da wuta da hayaki, don haka ɗan hayaki kaɗan ba ya ɓata mini rai, har ina son sa a zumar da ta kwana biyu. Amma in hayakin ya danne komai, mai cirewar ne ya cika wuta. Ƙauri kuwa yana nuna an ɗora saƙar a kan murhu don a tace da sauri. Akwai kuma warin jarka, wanda ya fi komai ƙona mini rai: ƙuda ya yi wahalarsa, mai amya ya hau bishiya cikin duhu ya sha harbi, sannan a juye ta a jarkar da ta taɓa ɗaukar man gyaɗa ko kalanzir. Wannan warin ba ya fita, ko ta shekara nawa.

Yanzu ka ɗebi kaɗan, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Ɗora a tsakiyar harshe ka rufe baki, kada ka haɗiye, bari ta narke da kanta. Zaƙi ne zai fara zuwa. Ƙyale shi ya wuce. Bayansa ne ainihin zumar take fitowa, musamman in ka fitar da numfashi ta hanci bakinka yana rufe. Sannan ka haɗiye ka jira abin da zai saura a maƙogwaro. Wani dattijo da nake sayen zuma a hannunsa wajen Dirin Daji, da ya ga na yi saurin kai hannu kofi na biyu, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, dakata tukuna, ba ta gama ba." Na ce, "To, Baba." Can sai ga wani ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi ya biyo baya, ya zauna. Ya ce daga amyar da ke kusa da darbejiya ya ciro ta. Wadda ta fito daga inda ɗorawa da kaɗanya suka yi yawa ɗanɗanonta daban, haka ta lokacin furen mangwaro. Ka riƙa tambayar mai amya wace bishiya ce ta yi fure kafin ya cire, ka haɗa amsarsa da abin da harshenka ya ji.

Kurkure baki kafin ka koma ɗaya kofin, kuma kada ka wuce iri uku ko huɗu a zama ɗaya.

Batun daskarewa yana jawo wa masu gaskiya zargi a banza. Zuma ta asali tana daskarewa ta yi tsaki-tsaki, musamman da sanyin hunturu, domin gulukos, wani irin sukari na halitta da ke cikinta, shi ne yake rabuwa da ruwa. In ta yi haka, ɗanɗana ta a yadda take, ko ka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi da hannu zai iya jurewa. Kada ka kai ta wuta. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yi a bakin kasuwa kuwa, ban dogara da su ba, don kauri kawai suke nunawa, kuma sukarin da aka dafa ya yi kauri zai iya tsallake su.

Ba ina cewa tsohuwa ta fi sabuwa ta kowace fuska ba. Ƙanshin fure yana raguwa, wasu sinadaran da ƙuda ya zuba mata ma suna raguwa da daɗewa da zafi. Abin da take samu shi ne zurfin ɗanɗano, shi ma sai in da ma nunanniya ce mai tsabta aka ajiye. Sabuwa ko tsohuwa, kada a lasa wa jaririn da bai cika wata 12 ba, domin tana iya kasancewa ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya kare kansa daga gare ta ba.

In kana son ajiye taka, nemi ta bazara wadda aka tace a sanyi, ka zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, ka ɗaure murfin sosai, don zuma tana jan laima daga iska in damina ta kama. Rubuta wata da shekara da garin da ta fito a jikin kwalbar, ka sa ta a lungu mafi sanyi a ɗaki, nesa da rana da murhu. Duk sanda za ka ɗiba, da busasshen cokali.