Yadda Ake Koya Wa Ɗaliban Zane Kasuwanci Kafin Su Bar Samaru

Tun zangon karatu na 2007/2008 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta darasin koyon kasuwanci a jami'o'in Najeriya. Matsalar ita ce yawanci ana tara ɗalibai ɗaruruwa a babban zaure, a karanta musu ma'anar jari da riba, su haddace, su rubuta jarrabawa, shi ke nan. Ɗalibin sashen zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wanda ke wuni da yumɓu ko rini ko zanen kwamfuta, ya riga ya riƙe hajarsa a hannu. Abin da ya rage masa shi ne sanin wanda zai saya, da nawa zai sallama. Ga yadda malami zai bi da shi.

Da farko a fitar da su daga aji tun kafin su zana komai. A raba su uku-uku, wasu kasuwar Samaru, wasu Sabon Gari, wasu Tudun Wada, wasu kuma cikin birni wurin masu ɗinkin babbar riga. Kada su je da kaya, tambaya kawai za su yi: me ya fi tafiya, a wane lokaci, me kwastoma ke yawan kushewa? Mai sayar da yaji ko turaren wuta a leda ba tambari, ai aiki ne ke jiran ɗalibin zane. Kowane rukuni ya dawo da buƙata ɗaya da ya ji daga bakin mai shago, ba wadda ya ƙirƙiro a ɗakin kwana ba.

Sai lissafin farashi, kuma a nan ya kamata malami ya daɗe, don a nan ɗalibai suka fi faɗuwa. A ce ɗaliba ta rina shadda yadi biyar. Ta sayi farar shadda naira 20,000, rini da soda 4,000, ta biya mabuga 1,000, kuɗin keke zuwa da dawowa 1,000. Jimla 26,000. Ta sayar 28,000 tana murna ta ci ribar 2,000. To ina kuɗin kwana biyun da ta yi tana ɗauri da tsomi da shanya? Ina na safar hannu da bokiti da ruwan da ta saya? Ina na yadin da wata rana rini zai ɓata? A sa ta rubuta wa aikin hannunta kuɗi kamar yadda za ta biya wani, sannan ta ɗora riba a sama. Mai tangaran ya sa kuɗin gashi da na kofunan da suka tsage a wuta. Mai zanen kwamfuta ya sa data da man janareta, domin a makaranta wuta da kayan aiki kamar kyauta suke, ranar da ya fita kuwa kowanne da kuɗinsa.

Na uku, a koya musu ciniki da baki. Ɗalibi ya zama mai saye, wani mai sayarwa, aji na kallo. Da yawa kunya ke cin su. Da an ce, "Haba ƙanwata, ba ragi?" sai su zabtare rabin kuɗin. Su koyi cewa "albarka" da fara'a, su kuma san farashin da ba za su sauka ƙasa da shi ba tun kafin a fara magana. 'Yan uwa da abokai masu cewa "ɗan zana min, ai ba wani abu ba ne" su ma a tanadar musu amsa mai ladabi.

Daga nan kowa ya yi kaya kaɗan, kamar goma, ya sayar wa wanda bai sani ba. Wannan sharaɗin ba sassauci. Abin da inna ko abokin ɗaki ya saya ba ya shiga lissafi, saboda kara suka yi. Hoto mai kyau a WhatsApp ko Instagram yana taimakawa, amma a nuna musu su ɗauka da hasken safiya, a bango marar tarkace, su rubuta farashi da girma a ƙasa.

Na biyar, rubutu. Duk aikin da aka ba da, a karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan aiki, a rubuta ranar bayarwa da sau nawa za a yi gyara kyauta. Masu zanen fosta su fi kowa kiyayewa a lokacin siyasa, domin bayan zaɓe neman mai bashi wahala ne. A fayyace kuma wa ke da asalin zanen bayan an biya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da dokar rajistar ƙirƙira da zane ta 1970 sun cancanci darasi guda cikin Hausa ko Turanci mai sauƙi. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ana yinta ta intanet, sai dai ni ban ga dalilin gaggawarta ba kafin ɗalibi ya sami kwastoma ko biyar. Abin da ke da gaggawa shi ne raba kuɗin sana'a da kuɗin abinci, ko da a asusu biyu ne na waya.

Watannin SIWES, wato lokacin da ake tura ɗalibai koyon aiki a wuraren sana'a, ma kada su tafi a sa hannu a littafi kawai. A tura ɗalibi maɗaba'a ko marina ko shagon tela da umarnin ya lura da yadda maigidan ke sayo kaya a sari, da yadda yake lallashin wanda aikinsa ya yi latti. A gayyato irin waɗannan masu sana'a aji su yi magana da Hausarsu. Zariya ba baƙuwar wannan ba ce: ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, hujjarsu ita ce a haɗa ilimin aji da fasahar gida.

Wajen ba da maki, kada a duba yawan riba, don ɗan mai hali zai fi kowa jari. A duba littafin shige da fice, da rasit, da bayanin abin da ɗalibi ya sauya bayan kwastoma ya kushe. Wanda ya faɗi da naira 3,000 amma ya nuna daidai inda kuɗin suka zube, a ba shi maki sama da wanda ya ci riba bai san ta inda ta zo ba.